Daga Potiskum Zuwa Damagaram Da 'Yan Yara Uku

A ƙarshen zangon karatu na farko, cikin watan Disamba na shekarar 2018, babban ɗana, wanda a lokacin yake da shekara 9, ya komo daga makaranta ransa a ɓace. Wai wani abokin karatunsa ya ce za a kai su Dubai hutu, shi kuwa ko filin jirgin sama bai taɓa gani ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Baba, mu yaushe za mu je ƙasar waje?" Uwarsa ta yi dariya, ta ce ya dakata sai ran da Baba ya zama gwamna. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, har na kwana ina juya ta.

Abin da na tuna shi ne, mu mutanen Potiskum kusan kullum muna cuɗanya da ƙasar waje ba tare da mun kira ta da wannan suna ba. Kowace Laraba kasuwar shanunmu takan cika da dabbobi, waɗansu daga Jamhuriyar Nijar, waɗansu daga Chadi. Direbobin manyan motocinmu sun san kowane rami na hanyar Ikko da Fatakwal. Amma da wuya ka ji magidanci ya ce zai ɗebi iyalinsa a mota su ƙetare iyaka don buɗe ido kawai. In an ce ƙasar waje, hankalinmu sai ya tafi ga jirgin sama da biza da kuɗi masu yawa.

Da gari ya waye na ɗauko taswira na shimfiɗa wa yaran a tabarma. Daga Potiskum zuwa Kano kimanin kilomita 300 ne. Daga Kano zuwa Zinder, watau birnin Damagaram, kimanin kilomita 240. Ke nan birnin da ya taɓa zama hedkwatar ƙasar Nijar ya fi Abuja kusa da ƙofar gidanmu. Na ce musu, "To, ku shirya, ƙasar waje za mu, kuma a motarmu." Wannan labarin tafiyar ne, da abin da ta koya mana, da kuma abin da ya sami hanyar bayan mun komo.

Shiri kafin tashi

Mu biyar ne: ni, da uwargida, da yayansu mai shekara 9, da ƙanwarsa mai shekara 6, da auta mai shekara 3. Wanda zai yi tafiya shi kaɗai yana iya saɓa jaka ya kama hanya, amma mai yara ƙanana tilas ya soma tafiyarsa tun mako biyu kafin ya tada mota.

Abu na farko takardu. Yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sa wa hannu a shekarar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya ingantacciya da shaidar rigakafi. A lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. Saboda haka muka tanadi fasfo na kowa, har da na auta, da takardun haihuwar yaran uku, da katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Allurar shawara ana yi wa yaro tun yana wata 9, katin yakan fara aiki kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa. Wanda ya bar ta sai jajibirin tafiya ya makara.

Ita ma mota tana da nata takardun: shaidar mallaka, da lasisin mota, da lasisin tuƙi, da kuma katin inshora mai ruwan ƙasa wanda ECOWAS ta ƙirƙiro a 1982 don motar da ta ƙetare iyaka, yadda in ta yi wa wani ɓarna a can za a sami mai biya. Na kai motar wurin makanike aka juye baƙin mai, aka duba birki da fambel da lagireto, na sake taya biyu da suka suɗe, na kuma tabbata tayar ko-ta-kwana tana da iska, jak yana aiki.

Uwargida ta ɗauki nata fannin. Ta soya nama da cincin, ta ƙulla garin kunu, ta cika filas biyu, ta sa jarkar ruwan sha mai lita 25 a but. Ta haɗa gidan sauro, da rigunan sanyi, da man shafawa saboda hunturu, da maganin zazzaɓi na yara, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti wanda ake damawa ga mai gudawa. Na ce kayan sun yi yawa. Ta ce, "Malam, kai dai ja motarka." Daga baya na gane wanda ya fi wani hangen nesa.

Lokacin da muka zaɓa ma da dalili. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin ƙasashen nan yakan wuce abin da ƙaramin yaro zai jure a cikin mota, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa. Da damina ruwa yakan ɓata hanya, ga sauro. Disamba da Janairu su ne daidai, in ban da hazo da ƙura.

Rana ta farko

Mun bar Potiskum ran Litinin, 24 ga Disamba, bayan sallar asuba. Yaran duka a kujerar baya, uwarsu a tsakaninsu da auta. Yayansu ya so ya zauna a gaba, na hana, domin ƙa'idar hanya ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba kada ya zauna gaba, kuma ƙa'ida ce mai hikima: birki ɗaya na gaggawa ya isa ya buga kansa da gilashi.

Aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, wanda aka bayar tun 2006, bai ƙare ba a lokacin. Nan ka hau sabuwar kwalta, can a karkatar da kai ka koma tsohuwa ka yi ta gwamutsa da tireloli. A nan na yi kuskurena na farko. Na ƙudura sai mun isa Kano kafin azahar, na ƙi tsayawa a Azare ko da uwargida ta yi magana. Ba mu yi nisa da wuce Jama'are ba auta ya amayar da duk kunun da ya sha a jikin 'yar'uwarsa. Muka tsaya gindin wata tsamiya, aka yi wanki da wanka a bakin hanya, muka ɓata sa'a guda da rabi, alhali tsayawar Azare da minti 20 ta ishe mu.

Daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ba duk mai niyyar irin wannan tafiya. Kada a wuce sa'a biyu ba a tsaya yara sun sauka sun miƙe ƙafa ba. Kada a yi fiye da kilomita 300 a yini. Kada magariba ta riske ka a kan hanya. Ma'aunin tafiya da yara shi ne haƙurin ƙaraminsu, ƙarfin injin mota ba ya cikin lissafi. Muka kwana Kano a gidan ƙanwar uwargida.

Rijiyar Kusugu

Ran Talata muka bi ta Kazaure zuwa Daura. Da gangan na zaɓi wannan hanya, domin ina so kafin yaran su ga ƙasar wani su fara ganin tushen tasu. Muka je rijiyar Kusugu, inda labarin gargajiya ya ce Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsu aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Yayansu ya karanta labarin a makaranta, amma bai taɓa zaton rijiyar tana nan da ruwanta ba. Ƙanwarsa kuwa ta ƙi matsawa kusa, wai kada ɗan macijin ya fito.

Daura tana da wani darasin da ya shafi inda muka dosa. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Daura sun bar birnin, zuriyarsu ta zauna a Zango da Ɓaure da wajajen Magarya, ƙarƙashin inuwar Damagaram, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka komo da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Yau Zango da Ɓaure suna Nijeriya, Magarya tana Nijar. Gida ɗaya ne iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa.

A bakin iyaka

Da sassafen Laraba muka isa Kongolam, 'yar tafiya kaɗan arewa da Daura. Aka buga mana hatimin fita, 'yan kwastan suka duba takardun mota. Waɗansu mata ma'aikatan lafiya suka ɗiga wa auta maganin shan inna, kamar yadda ake yi wa ƙananan yara masu ƙetarewa. Muka gangara zuwa Ɗan Barto, inda tutar Nijar take.

Yayansu yana ta leƙe ta taga. Can ya ce, "Baba, ina iyakar take?" Ashe shi katanga yake jira, ko wani babban kogi. Abin da ya gani gonakin gero ne da aka girbe, da kara a tsaye, da wani yaro yana kora awaki daga wannan ƙasa zuwa waccan ba wanda ya tambaye shi fasfo. Na gaya masa cewa wannan iyaka, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, a kan takarda aka fara zana ta, a yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka yi a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamu. Kakan kakansa ya girme ta.

A ofishin 'yan sandan Nijar aka karɓi takardunmu. Jami'in ya daɗe yana duba takardun haihuwa, yana ɗaga kai yana duban yaran. Sa'an nan ya durƙusa gaban yarinyar, ya nuna ni, ya ce da Hausa garau, "'Yan mata, wane ne wannan?" Ta ce, "Babana ne." Ya ce, "Waccan fa?" Ta ce, "Mamanmu ce, kuma jiya ta yi wa Baba faɗa." Ofis ya kwashe da dariya, aka buga hatimi.

Na so in ji haushin tambayar, amma da na tuna dalilinta sai na ga daidai ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Fiye da rabinsu yara ne, kuma galibinsu daga wannan yanki na Kance da Matamaye da muke shirin ratsawa suka fito. Inda aka taɓa ganin irin wannan, dole a tambayi duk wanda ya zo da yara a mota. Saboda haka mai tafiya da 'ya'yansa kada ya raina takardar haihuwa, in kuwa ɗan wani ne a hannunsa, to ya nemi rubutaccen izinin iyayen.

Daga nan muka shiga ofishin duwan, watau kwastan nasu, aka ba motar takardar izinin shiga ta ɗan lokaci, wadda za a mayar ran fita. Duka-duka mun yi kusan sa'a biyu. Shawarata ita ce a isa iyaka da safe, a ciyar da yara tukuna, a yi sallama da ladabi, kuma duk kuɗin da aka biya a nemi rasit.

Dala ashirin

Tuƙi a Nijar bai ba ni wuya ba, domin tun ran 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma bin hannun dama muka zama ɗaya da maƙwabtanmu. Agogo ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne allunan hanya da Faransanci, da 'yan duwatsun kilomita masu jan kai, da shingen jandarma, da igiyar masu karɓar kuɗin hanya a bakin gari, waɗanda ke ba ka tikiti su ce ka adana.

A Matamaye na yi kuskure na biyu. Mun canji sefa a bakin iyaka, na tsaya sayen ƙosai, mai tuya ta ce dala ashirin. Na lalubo 'yan ƙananan tsaba da suka kama tamma 20 na miƙa mata. Ta dube ni, ta dubi lambar motarmu, ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, daga Nijeriya ko?" Ita ta koya mana lissafin. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika ɗaya sefa 1,000. Kafin mu isa Takeita yayansu ya riga ni ƙwarewa, ya zama shi ne ma'ajinmu, duk abin da aka faɗa sai ya ninka sau biyar ya gaya mini.

Harshen ma ya zama musu wasa. Hausa ɗaya ce, amma inda muka ara daga Ingilishi su daga Faransanci suka ara. Makarantar boko lakwal ce. Man fetur isansi. Ranar da wani dattijo ya ce ɗansa mushe ne a lakwal, yaran suka zaro ido, sai da aka bayyana musu cewa a can mushe malamin makaranta ne. Har yau in suna son tsokanar juna da wannan kalma suke yi.

A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, muka juya gabas. Muka wuce Tirmini, inda a ƙarshen watan Yuli na 1899 dakarun Damagaram suka gwabza da rundunar Faransa. Kafin la'asar manyan duwatsun Zinder suka bayyana, jibga-jibga, wani kan wani, kamar an jera su da hannu.

Birnin Damagaram

Mun taki sa'a. Mako guda kafin zuwanmu, ran 18 ga Disamba, aka yi bikin cikar Jamhuriyar Nijar shekara 60 a wannan birni, a ƙarƙashin shirin da suka kira Zinder Sabuwa, wanda a cikinsa ake zagayawa da bikin jiha-jiha ana gyara garin da zai karɓi baƙi. Muka tarar da sababbin tituna da fitilu, gine-gine sun sha fenti.

Garin kashi uku ne a idon baƙo. Akwai Birni, inda fadar Sarki take. Akwai Zango, wanda asalinsa masaukin fatake da ayarin raƙuma ne masu zuwa daga Agadas da hamada. Akwai kuma sabon gari na ofisoshi da kantuna. Ran Alhamis, ranar da kasuwa ta fi cika, muka shiga cikin dukawa, inda ake ɗinka jakunkuna da takalma da matasan fata. Muka sayi kilishi, da cuku irin na Buzaye, da dogon burodin nan mai ɓawo wanda auta ya riƙe kamar sanda ya ƙi saki.

Ran Juma'a muka yi wa Birni. Lunguna ne ƙanana, da gidajen ƙasa masu zanko, fuskokinsu da zane-zane, waɗansu da launi. Wani dattijo da muka samu a ƙofar fada ya zagaya da mu. Masarautar ta samo asali ne a ƙarni na 18 daga wani malami da ake kira Malam Yunus, kuma ta daɗe tana kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa. Da na ji haka na ce wa yaran su lura, domin mu ma Potiskum a Jihar Barno muke a da, har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Sarkin da ya fi shahara shi ne Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye birnin da garu, ya sa maƙera suka riƙa ƙera masa igwa, ya mai da Damagaram babbar mahaɗar ciniki tsakanin Kano da Barno da Tarabulus. A zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, cikin watan Mayu na 1898, aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a nan, abin da ya jawo yaƙin Tirmini da faɗuwar birnin a shekarar da ta biyo.

Faransawa sun mai da Zinder hedkwatar mulkinsu a 1911, suka tashe ta zuwa Yamai a 1926. Cikin dalilan da ake bayarwa har da ƙarancin ruwa, domin garin a kan dutse yake zaune. Mun ga alamar haka da idonmu: 'yan ga-ruwa da kurarsu ko'ina, kuma a masaukinmu famfo ba ya zuwa sai da dare. Yarinyata, wadda a gida sai an yi da gaske take rufe famfo, ta ga sa'o'inta suna layi da jarkoki tun da sanyin safiya. Ba wanda ya yi mata wa'azi, amma tun daga ranar ta canza.

Bayan an sauko daga masallaci muka tsaya muka ga dogarai da jajayen rigunansu, muka ji algaita da kakaki. Yayansu ya ja hannuna ya ce, "Baba, ai irin na Sarkin Fika ne." Na ce masa haka ne. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, me ya sa aka ce ƙasar waje ce?" Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta fi duk abin da na shirya gaya masa.

Daren da ba mu yi barci ba

A daren Juma'ar gudawa ta kama auta. Laifina ne, ni na saya masa wani sanyayyen abin sha na ƙulli a kasuwa, bayan uwarsa ta hana. Cikin dare, a garin da ba mu san kowa ba, ƙullin gishiri da sukarin nan da na ce kaya ne ya yi yawa shi ya tsaya mana. Ta dama ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, tana ba shi kaɗan-kaɗan da cokali har asuba. Mai masaukin, da ya ji motsinmu, ya fito ya zauna tare da ni a tsakar gida, da gari ya waye kuma ya raka mu wurin likita da kansa, ya yi mana tafinta inda takarda ta zo da Faransanci. Matarsa ta aiko da kunu. Da na kawo maganar lada ya ce, "Haba Malam, in ni na je Potiskum haka za ka karɓi kuɗina?"

Muka soke duk abin da muka shirya na ran Asabar, yaro ya huta. Ran Lahadi, da ya warware, muka je Mirya, kimanin kilomita 18 gabas da birnin, ranar kasuwarta, inda yaran suka ga yadda ake gina tukwane da tuluna, kowa ya zaɓi ɗan asusu na yumɓu. Na so mu zarce Agadas mu ga hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, amma kusan kilomita 450 ne ta cikin ƙasa mai ƙarancin garuruwa, ga batun tsaro. Mai yara ƙanana ya san inda zai tsaya. Ran Litinin, 31 ga wata, muka juyo gida.

Abin da ya biyo baya

Mun yi wa mai masaukinmu alkawarin komowa baɗi. Ba mu cika ba. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwauri, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, inda aka soma da guda huɗu, ciki har da Maigatari da Illela. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Sai a watan Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ɓangarorin biyu sun ba da sanarwar cewa jama'a za su ci gaba da shige da fice ba biza, amma sanarwa ba ta kai yarjejeniya ƙarfi ba, wanda ya yi ta yana iya janye ta.

Saboda haka wanda ke da niyya a yanzu, ya riƙi cikakken fasfo na kowane mutum, ya je ofishin shige da fice ya ji halin da ake ciki a mashigar da zai bi, ya tambayi kamfanin inshorarsa irin takardar da ake karɓa a ƙetare, ya kuma saurari direbobin tasha masu bin hanyar kowane mako, domin labarin hanya a bakinsu yake. Ya yi lissafin mai da kyau, tun da cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin kowace tafiya. In labarin tsaro bai yi daɗi ba, ya haƙura zuwa wani lokaci.

Abin da ke damuna shi ne yaran da suka tashi a cikin waɗannan shekaru. Mun sami ƙarin ɗiya bayan tafiyar, ita kuwa abin da ta sani game da Nijar shi ne abin da take ji a rediyo: juyin mulki, takunkumi, rufe iyaka. Yayyenta in aka ambaci Nijar, mai ƙosan Matamaye suke tunawa, da ɗan sandan da ya durƙusa ya yi wa yarinya magana, da mutumin da ya kwana zaune saboda ɗan baƙonsa ba shi da lafiya. Gwamnatoci sukan ɓata su shirya, amma in aka sami tsara guda da ta girma tana ɗaukar mutanen Damagaram da Maraɗi baƙin ido, gyaran wannan zai fi buɗe shingen kwastan wuya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma yaro ba ya koyonsa daga taswira.

Babban ɗana yanzu saurayi ne. Asusun yumɓun da ya saya a Mirya yana nan a kan tagar ɗakinsa, bakinsa ya ɗan ɓalle. Kwanan baya ƙaramar ta tambaye shi inda ya samo shi, ya ce mata a ƙasar waje. Ta zo ta same ni da irin tambayar da ya yi mini a 2018. Na ce mata ta je ta gaya wa uwarta ta fara neman takardun haihuwa, in Allah ya kai mu hunturu, hanya kuma ta yi kyau, akwai alkawarin da za mu je mu cika.